Tambayi Bakanike: Shifta Sabuwa, Amma Giya Tana Tsalle

Wasiƙun wannan watan kusan duk a kan giya suka zo, yawanci daga masu keken tsere da suka sayo shifta (madannin canza giya) ko direla (ƙarfen da ke matsar da kaca) suka ɗaura, abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Wanda bai ga tasa wasiƙar ba ya karanta ta farko a tsanake, amsar da yawanku tana cikinta. Roƙona ɗaya ne: in za ku rubuto, ku haɗo da lambar da ke jikin kayan. "Shimano ce, Malam" ba ta ishe ni ba, domin kamfanin nan na garin Sakai a Japan yana ƙera kayan keke tun 1921, kuma kayansa ba duka suke jituwa da juna ba.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da keken tsere na alminiyam, kayan giyarsa Shimano 105 ne, lamba 5700, mai giya 10 a baya. Shiftar dama ta daina aiki, sai na sayo Tiagra 4700 sabuwa fil, ita ma mai 10. Mai gyaran unguwarmu ya wuni yana saiti. In ya daidaita na sama, na ƙasa su riƙa tsalle, in ya gyara na ƙasa, na sama su ƙi shiga. Ya ce jabu aka sayar min. In mayar da ita ne? (Ɗalibi daga Samaru, Zariya)

Amsa: Wa alaikumus salam. Ba jabu ba ce, ɗana, kuma ko mako guda mai gyaran zai yi yana murɗa notin saiti ba za ta zauna ba. Bari in yi maka bayanin abin da ke faruwa tun daga yatsanka har zuwa tayar baya.

A cikin shifta akwai wani ɗan gare mai haƙora. Duk dannawa ɗaya, ka ji ƙas, tana jan waya wani ƙayyadadden tsawo ta riƙe. Direlar baya, wato ƙarfen nan mai ƙananan gare-gare biyu da kaca ke ratsawa, ita ke karɓar wannan jan ta ninka shi ta matsa gefe. Fayafan kaset kuma, wato tarin fayafai masu haƙora da ke jikin wilin baya, suna jere da tazara ƙayyadadda tsakaninsu. Tsawon jan waya, in aka ninka shi da yadda direla ke ninkawa, dole ya yi daidai da tazarar faifai zuwa faifai. Shimano ta fito da wannan tsari na ƙas-ƙas a 1984 a kan Dura-Ace, wato kayanta na tsere mafi daraja, ta kira shi SIS. Kafin nan mahayi da hannunsa da kunnensa yake lalubo giya. A 1990 kuma suka cusa shiftar cikin hannun birki, irin wadda kake riƙe da ita yanzu.

Shekaru masu yawa lissafin Shimano bai canza ba. Direlar keken tsere mai giya 7, 8, 9 da 10, duk milimita ɗaya da aka ja waya tana matsawa kimanin milimita 1.7 (ka cire tsohuwar Dura-Ace ta kafin 1997, ita nata lissafin daban). Shiftar 5700 ɗinka tana jan kimanin milimita 2.3 a dannawa ɗaya. Ninka da 1.7, ka sami kusan 3.9, kuma tazarar fayafan kaset mai 10 milimita 3.95 ce. Ka ga sun haɗu.

Da suka fito da giya 11 a 2012, a kan Dura-Ace 9000, sai suka sauya lissafin. Fayafan sun ƙara matsuwa, kuma ɗan datti a cikin rigar waya yana iya cinye rabin milimita, don haka suka sa shifta ta riƙa jan waya da yawa, direla kuma ta rage ninkawa zuwa wajen 1.4. A 2015, da za su sabunta Tiagra, suka bar ta a giya 10 amma suka ba ta sabon lissafin na 11. Ita ce 4700 da ka sayo. Tana jan wajen milimita 2.8, tsohuwar direlarka tana ninkawa da 1.7, sai kaca ta matsa kusan 4.8 a inda ake son 3.95. Kowace dannawa ana zarcewa da kusan milimita ɗaya, kafin ka danna sau biyar kaca ta tsallake faifai guda sukutum. Shi ya sa mai gyaran ke samun uku ko huɗu su zauna, sauran su watse. Goma da goma ne a baki, amma ɗaya da mudu take awo, ɗaya da tiya.

Hanya biyu gare ka. Ta farko, ka riƙe sabuwar shiftar ka sayi direlar baya ta Tiagra 4700. In ba ka same ta ba, direlar keken tsere mai 11 ta Shimano, irin su 105 lamba 5800 ko R7000, za ta yi aiki da ita a kan kaset ɗinka mai 10, tunda shifta ce ke ƙirga giya ba direla ba. Kaset da kaca ba sai ka taɓa su ba. In ka ɗaura har da shiftar hagu ta 4700, to direlar gaba ma sai ta 4700, domin ita ma an sauya mata tsawon hannu. In shiftar hagu ta asali tana nan lafiya, bar ta da direlarta, gaba da baya ba ruwan juna. Hanya ta biyu, ka mayar ka karɓo tsohon yayi mai 10: Tiagra 4600, 105 lamba 5600 ko 5700, Ultegra 6600 ko 6700. Ni dai ta farko zan bi, sabuwar shifta ta fi tsohuwar gwanjo da ba ka san abin da ta gani ba.

Kuma kada ka jefar da tsohuwar tukuna. A 5700 da sa'o'inta, wayar giya tana bi ta ƙarƙashin tef ɗin kan keke, tana lanƙwasa sosai a cikin shifta, kuma a nan take tsinkewa zare-zare, kan wayar ya maƙale ciki ya hana komai motsi. Ɗaga robar da ke rufe shiftar ka haska tocila. In ka ga gashin waya, a zaro shi da ɗan tsinke da haƙuri, shiftar za ta iya dawowa kamar ba ta taɓa ciwo ba. Lambar shifta ma a nan ƙarƙashin robar take, ta fara da ST. Ta direla tana can bayanta ta wajen taya, ta fara da RD.

Tambaya: Oga barka da aiki. Kekena Claris ne mai giya 8. Abokan hawana na ranar Lahadi duk 11 gare su, kullum suna bari na a baya a titin Zariya. Na ga shiftar 105 mai 11 a kasuwa. In na saya na ɗaura, shi ke nan na zama mai 11? (Mai shagon waya, Kano)

Amsa: Barka kadai. A'a, kuma ina so ka ajiye kuɗinka a aljihu har ka gama karanta wannan.

Daga 8 zuwa 11 kusan komai sai ya tafi. Shifta biyu, direlar baya saboda dalilin da na faɗa wa ɗalibin Samaru, direlar gaba, kaset, da kaca. Kacar 8 faɗinta ya haura milimita 7 kaɗan, ta 9 wajen 6.6, ta 10 wajen 6, ta 11 wajen 5.6. Tsawon gaɓa bai canza ba, rabin inci ne a dukkansu, faɗin ne ke raguwa don kaca ta shige tsakanin fayafai masu matsi. Kirank ɗin Claris, wato hannun feda da farantan gaba, zai iya juya kacar 11, amma tazarar farantansa biyu ta yi wa siririyar kaca faɗi, wani lokaci sai ta riƙa zamewa a tsakani lokacin da kake sauko da ita ƙaramin faranti. Wanda yake son aiki mai tsabta yakan canza shi ma.

Sannan ga wili. Gangar da kaset ke zama a kai a hob ɗin baya, wato cibiyar wili, ta 8 da 9 da 10 tsawonsu ɗaya, amma ta keken tsere mai 11 ta fi su da milimita 1.85. Kaset mai giya 11 irin 11-28, wato ƙaramin faifai haƙora 11, babba 28, ba zai zauna a gajeriyar ganga ba, notin rufewa ba zai ma kama ba. Wasu kekunan Claris na baya-bayan nan suna zuwa da doguwar ganga da washa a bayan kaset, in ka cire kaset ka tarar da washar to ka tsira. In babu, akwai dabara ɗaya: kaset ɗin Shimano mai 11-34, lamba HG700 ko HG800, an yi babban faifansa ya ɗan ranƙwafa kan sifoka, don haka yana shiga gajeriyar ganga. In ba shi ba, sai sabon wili.

Haɗa kuɗin waɗannan duka ka gwada da kuɗin keken gwanjo da ya zo da 105 ɗinsa a jiki. Sau da yawa gara ka sayar da naka ka cika.

Yanzu maganar barin ka a baya. Babban farantinka haƙora 50 ne, ƙaramin faifanka 11. Na abokanka ma, yawancinsu, haka ne ko kusa da haka. Da wannan giyar, juyin feda ɗaya yana kai ka wajen mita 9 da rabi a kan taya 700x25, in kana juyi 90 a minti kana gudun kilomita 51 a awa. Ka taɓa ƙure wannan giyar a shimfiɗaɗɗen titin Kano zuwa Zariya? Ba na tsammani. Abin da 11 ke bayarwa shi ne matakai na kusa da kusa. Kaset ɗinka mai 11-28 yana tafiya 11, 13, 15, 17, 19, 21, 24, 28. Nasu yana tafiya 11, 12, 13, 14, 15, 17, 19, 21, 23, 25, 28. Farko ɗaya, ƙarshe ɗaya. Daɗin yana tsakiya, inda kai za ka ji 13 ta yi nauyi 15 ta yi sakayau, su kuma suna da 14. Abu ne mai daɗi, ban musa ba, amma ba shi ke sa a tsere wa mutum da nisan kilomita ba.

Akwai kuma abin da masu 11 ba sa faɗa maka. Siririyar kaca ana canza ta tun miƙewarta ta kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari, ta 8 kuwa tana jurewa har kashi uku cikin huɗu na kashi ɗaya. Da ƙurar da muke sha daga Nuwamba zuwa Fabrairu, wadda ke haɗuwa da mai ta riƙa cin ƙarfe, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. Kacar 8 kuma duk kasuwar da ake sayar da kayan keke za ka same ta, ta 11 sai ka yi cigiya, kuma jabunta ya yi yawa.

In hannunka yana ƙaiƙayi dole sai ka ƙara wani abu, hau zuwa 9. Shiftar Sora, kaset mai 9, kaca mai 9, shi ke nan. Direlar baya ta Claris za ta yi, wilinka zai yi, ta gaba ma yawanci tana haƙura. Amma in ni ne, taya mai kyau zan fara saya.

Tambaya: Baba ina wuni. Ni mace ce, ina hawan keke don motsa jiki a Jos. Kekena mai giya 9 ne, Tiagra tsohuwa, farantan gaba 53 da 39, kaset 12-25. A hawan tudu gwiwata tana ciwo, wani lokaci sai na sauka na tura. An ce in sayi mai giya 11 zai fi sauƙi. Gaskiya ne? (Malamar makaranta, Jos)

Amsa: Lafiya lau, 'yata. Wanda ya faɗa miki haka yana da keken sayarwa ne, ina jin. Sauƙin hawan tudu ba daga yawan giya yake zuwa ba, daga girman babban faifan baya da ƙanƙantar farantin gaba yake. Giyarki mafi sauƙi yanzu 39 ce a kan 25, wato duk juyin feda ɗaya taya tana juyawa sau ɗaya da rabi da ɗoriya. Wannan giyar 'yan tsere ce masu cinyoyin ƙarfe. A tuddan Filato ba abin kunya ba ne ta gagare ki.

Ke kuma kin yi sa'a da kike kan 9. Tsohon lissafin Shimano na 1.7 bai tsaya ga keken tsere ba, direlar keken dutse mai giya 8 da 9 ma shi take bi. Saboda haka ki nemi direlar baya ta Deore ko Alivio mai 9, mai dogon hannu, da kaset mai 11-34, da sabuwar kaca don tsohuwar za ta yi gajarta. Shiftarki za ta tuƙa su ba gardama. Da 39 a kan 34, juyin taya ya sauko zuwa 1.15, gwiwarki za ta ji bambancin tun a tudun farko.

Abu biyu ki kiyaye a kasuwa. Kada a ba ki direlar keken dutse mai 10, wadda aka rubuta wa Dyna-Sys, tun 2010 aka raba lissafinta da na keken tsere. Akwai kuma wata tsohuwa da suka kira Rapid Rise, wadda in ba waya a jikinta take komawa wajen babban faifai maimakon ƙarami. Tana aiki, amma komai zai juye miki, dannawar da kika saba tana sauƙaƙawa ita za ta nauyaya.

Dalilin dogon hannu kuwa lissafi ne mai sauƙi. Cire ƙaramin faranti daga babba, 53 ban da 39 saura 14. Cire ƙaramin faifai daga babba, 34 ban da 11 saura 23. Haɗa su, 37. Wannan shi ne rarar kacar da direla za ta iya naɗewa, kuma gajeriyar direlar tsere ba ta kai nan, ga shi garenta na sama zai riƙa karo da faifai mai 34. Ki ce wa mai gyaran ya auna kaca a kan babban faranti da babban faifai tare, kada ya kwaikwayi tsawon tsohuwar. Gajeriyar kaca a wannan haɗin tana iya fizge direla ta cusa ta cikin sifoka.

In hakan bai isa ba, mataki na gaba shi ne kirank mai 50 da 34. Ba za a iya cire 39 kawai a ɗaura 34 a kirank ɗinki ba, domin da'irar notocinsa milimita 130 ce, ba ta ɗaukar abin da ya gaza 38. Mai 50/34 da'irarsa 110 ce. In an canza, a sauko da direlar gaba kaɗan. Sannan ki sa a duba tsayin sirdinki, sirdin da ya yi ƙasa yana kawo ciwon gwiwa ko a kan shimfiɗa. In ciwon ya ci gaba bayan wannan, asibiti ne wurinsa ba gareji ba.

Tambaya: Malam, na sami shiftar SRAM Rival mai 10 da araha, direlata kuma Shimano. Za su yi? (Daga Sakkwato)

Amsa: Ba za su yi ba. SRAM, kamfanin Amurka da ya shigo harkar keken tsere a 2006, nasa jan wayar daban ne, Campagnolo ta Italiya ma nata daban. Shifta da direlar baya su zama 'yan gida ɗaya. Inda ake iya gauraya shi ne kaset da kaca: na Shimano da na SRAM masu 8, 9, 10 da 11 na keken tsere suna musanya, ganga ɗaya suke hawa. Campagnolo gangarta daban take. Da ka kai giya 12 kuma gaurayen ya ƙare, SRAM tana da kacarta mai shafaffen baya da gangarta XDR. In shiftar ta yi araha sosai, nemo direlar SRAM mai 10 ka haɗa, kaset ɗinka ya zauna.

Tambaya: Salamu alaikum. Mahaifina ya bar min tsohon keken tsere na ƙarfe, ƙirar Faransa, ina jin na shekarun 1970 ne. Giya 5 gare shi a baya, shiftocin suna jikin firam a ƙasa. Ina so in sa masa na zamani da ake dannawa a hannun birki. Me zan saya? (Daga Maraɗi, Nijar)

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah Ya jiƙan mahaifi in ya riga mu, in yana raye Allah Ya ƙara lafiya. Ka riƙe abu mai daraja, kuma shawarata ta gaskiya ita ce ka bar masa shiftocinsa. Irin waɗannan ba su da ƙas-ƙas, kai kake tura hannu har kaca ta hau, don haka ba ruwansu da lissafin kowa. Za su tuƙa direlar Shimano, ta Campagnolo, ta kowa, a kan fayafai 5 ko 8.

Amma tunda ka tambaya, ga abin da za ka tarar. Ɗauki ma'auni ka auna tsakanin ƙafafun firam na baya inda wili ke shiga. Mai giya 5 yawanci milimita 120 ne, mai 6 da 7 kuma 126, wilin zamani mai kaset 8 zuwa 11 yana son 130. Firam ɗin ƙarfe ana iya buɗa shi a hankali, kowane gefe daidai da ɗan'uwansa, sannan a daidaita bakin da wilin ke zama. Alminiyam da kabon ba a yi musu haka, tsagewa suke yi. Fayafanka kuma ba kaset ba ne, firiwil ne da ake murɗawa a jikin hob, kaset ba zai hau wannan wilin ba.

Sai halin kekunan Faransa na wancan zamani. Zaren boris ɗin tsakiya nasu 35x1 ne, ba irin na Ingila da kowa ke amfani da shi yanzu ba, kirank na zamani ba zai shiga kai tsaye ba, kuma wanda ya matsa da ƙarfi zai cinye zaren. Kunnen da direla ke ɗaurewa, in ƙirar Simplex ne, ba shi da zare kuma ba shi da ɗan tudun da direlar Shimano ke jingina a kai. Kan keken ma kaurinsa ya ɗan gaza na yanzu, maɗaurin shiftar zamani zai so a yi masa ciko.

In duk da haka kana so, hanya mafi ƙarancin ɓarna ita ce giya 7. A buɗa firam zuwa 126, a sa firiwil mai 7 na Shimano, a gyara wilin ya dawo tsakiya, a sa direla mai SIS, sannan shiftar Tourney mai 7 a hannun birki. Inda tsofaffin shiftocin suke a ɗaura matokarin rigar waya. Kirank ɗin mahaifinka ya zauna inda yake. Tsofaffin kayan da aka cire ka adana su a gwangwani.

Tambaya: Malam, shiftata da safe in na danna sai ta tafi fayau ba ƙas, sai rana ta yi zafi take kamawa. An ce ta mutu. (Daga Kaduna)

Amsa: Ba ta mutu ba, giris ne ya daskare. Man da aka sa mata a masana'anta, bayan shekaru da ƙura, yana zama danƙo ya riƙe 'yan ƙananan haƙoran da ke kama gare, sanyin hunturu ya ƙara masa tauri. Ɗaga robar, ja hannun birki, ka fesa man feshi mai narkar da datti a cikin injin, kana dannawa kana sakewa har ƙas ɗin ya dawo. Bari ta tsane, ka bi da mai marar kauri. Kada a zuba mata baƙin man inji, kuma kada ka bari kowa ya kwance ta gunduwa-gunduwa, sifirin ɗin ciki ba kowa ke iya mayar da su ba.

Tunda an buɗe, a canza waya da rigarta. Ka tsaya a kan mai gyaran ya sa rigar giya ta gaske, mai kaurin milimita 4 wadda zaren ƙarfenta ke tafiya a miƙe. Rigar birki mai milimita 5 naɗaɗɗiya ce, tana matsewa in an ja, sai ta shanye jan da shifta ta yi. Akasin haka kuma ya fi muni: rigar giya a kan birki tana iya fashewa lokacin da ka damƙe da ƙarfi. In bayan wannan giya tana tsalle a wasu fayafai kawai, tsaya bayan keken ka dubi direla. Gare-garenta biyu su kasance a miƙe ƙarƙashin faifai. In sun karkata ciki, kunnen firam ya lanƙwashe, ko dai keken ya taɓa faɗuwa ta dama ko an danne shi da kaya a bayan mota. Kaso mai yawa na kekunan da ake kawo min da sunan shifta ta lalace, wannan kunnen ne.

Tambaya: Yallaɓai, ɗan'uwana zai aiko min da shiftar 105 mai birkin mai daga Ingila. Kekena birkin waya ne mai kama gefen wili. Kuma in man ya ƙare zan iya zuba na mota? (Daga Kumasi, Gana)

Amsa: Ka kira shi yau kafin ya biya kuɗi. Shiftar birkin mai ba ta da inda wayar birki za ta shiga, famfo ne a cikinta, kuma firam ɗinka da cokalin gaba ba su da mazaunin birkin faifai. Ka ce ya nemo ST-R7000, ita ce ta birkin waya mai giya 11. R7020 ita ce ta mai. Lamba ɗaya ce ta raba su, kuma a hoto kusan kamarsu ɗaya. In ya ce zai ƙara kuɗi ya sayo mai 12, ka sani 105 mai 12, ta lantarki da ta fito a 2022 da ta waya da ta biyo baya a 2023, dukkansu da birkin mai suke zuwa.

Batun man mota kuwa, ga duk mai birkin Shimano: kada a kuskura. Shimano da Campagnolo man ma'adini suke sha, man birkin mota mai DOT yana kumbura robobin ciki ya kashe birkin. Shiftocin keken tsere na SRAM su ne ke shan DOT, su kuma man Shimano ke lalata su.

In kuma daga ƙarshe gwanjo za ka saya a nan gida, riƙe shiftar a hannu, sa guntuwar waya ka ɗan ja ta da yatsa, ka saki giya har ƙarshe, sannan ka ƙirga ƙas ɗaya-ɗaya. Mai 10 tana ba da 9, mai 11 tana ba da 10. Ta hagu ka tabbatar ta faranti biyu ce ko ta uku. In an haɗa maka da kirank na Ultegra 6800 ko R8000, ko Dura-Ace 9000 ko R9100, duba inda ɓarin hannun biyu suka manne: a 2023 Shimano da kanta ta yi kiran a dawo da waɗanda aka ƙera kafin Yulin 2019 a duba su, saboda wasu suna rabewa. In ka ga tsaga ko gam ya ɗaga, bar musu kayansu.